Kawu, Mai Ɗaga Allurar Garmaho

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu. Ya cika ran wata Talata da hantsi, ana tsakiyar cirar gyaɗa. Mutane suka bar fartanya a gona suka taho da ƙasa a ƙafafunsu, kafin azahar an kai shi makwancinsa a bayan gari.

Ni ina cikin gida tare da mata, amma dangar gidan ta kara ce, duk abin da maza ke faɗa a ƙofar gida yana shigo mana. Wani tsohon ɗalibinsa ya zo a keke daga Gezawa, ya kasa ƙarasa gaisuwa, sai ya zauna yana share ido da hularsa. Wani ya ce bai taɓa ganin marigayi ya ci tuwo shi kaɗai ba. Liman, wanda suke sa-in-sa da shi tun suna samari, ya ce yanzu ba shi da abokin musu, bai ma san abin da zai riƙa yi bayan la'asar ba. Matar Kawu ba ta ɗaga murya ba. Rigarsa kawai ta ɗauko tana kaɗe garin alli daga aljihun, ta ninke, ta sake warwarewa.

Sai na ji muryar wani baƙo, mai sayen shanu daga birni, dangin surukai. Yana tambaya ko nan ne gidan da akwatin Bature ya koya wa wata mace Turanci har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Aka ce masa nan ne. Ya ce ikon Allah, nan gaba kaɗan ba sauran buƙatar malamai, sai dai a sayi akwati a ajiye. Wasu suka ce haka ne.

Macen da yake nufi ni ce. Na miƙe zan fita in ba shi amsa, Inna ta cafke gefen zanena ta ce in zauna, gidan mutuwa ne. Na zauna. Amma hannun nan nawa ya iya riƙon alƙalami yanzu, shi kuwa Inna ba ta cafke shi ba. Ba zan yarda a binne mutum da rana, da yamma a ba akwati ladan aikinsa ba.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya koyar a makarantar elementare har kansa ya yi fari, sannan ya dawo gida ya kama noma kamar kowa. Sai dai alli bai bar aljihunsa ba. Yana rubutu a bango, a ƙyaure, a gindin turmi, har a bayan ƙwaryar furar matarsa, ita kuma tana faɗa tana wankewa. Bai taɓa ce wa ɗalibi ya yi kuskure ba. In ka kwafsa, sai ya karkato da kai ya ce, "Sake faɗa, ban ji da kunnen hagu ba." Duk garin an san kunnen hagun nan lafiyarsa ƙalau, don da shi yake jin gulmar da ake yi a bayan zaure.

Sunan mahaifiyarsa na ci, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini. Na sha cin albarkacin wannan, domin tun ina yarinya bakina ba shi da linzami, kuma abin da wani yaro zai sha bulala a kai, ni iyakata harara.

Ban shiga aji ba sai da na wuce talatin. Mijina ya rasu, na dawo gidan Inna muna matsar man gyaɗa muna soya ƙuli. A shekarar ne ƙanwata ta zo haihuwar fari. Naƙuda ta yi tsawo, ungozomar garinmu ta yi iyakar abin da ta gada, abu ya ƙi. Aka ɗora ta a amalanke za a kai ta bakin titi a tari motar birni. Ni ce na riƙe kanta. Ba mu kai titi ba. A gindin wata tsamiya ta cika, da abin da ke cikinta.

Da aka buɗe ajin manya na mata a zauren Kawu, ni na fara shimfiɗa tabarma. Na koyi karatun boko da rubutu da Hausa, ina matsar mai da safe ina matsar kai da yamma. Ana nan sai wata Baturiya mai zagayen duba karatun mata ta zo da bazara. Tana jin Hausa, ko da yake ta hanci take yin ta. Ta ce asibitin birni zai ɗauki mace ɗaya daga gundumarmu a koya mata karɓar haihuwa. Amma dole ta ji Turanci, domin sistocin can ba su jin Hausa, tafintoci kuwa duk maza ne, ba a shiga da su ɗakin haihuwa. Ban bari ta rufe baki ba na ce ni ce. Mata suka yi dariya. Kawu bai yi ba.

Ta bar mana garmaho, wani akwati baƙi mai hannun murɗawa, da faya-fayai na koyon Turanci. A ɗora faifai, a sauke allura a kansa, sai ka ji Bature yana tambaya, wata yarinya tana amsawa.

Gaskiya ake faɗa a kan mamaci, in ba haka ba addu'ar ma ba ta da nauyi. Kawu ya haukace a kan akwatin nan. Ya sa aka ɗinka masa riga. Ya ɗora shi a kan kujerarsa ta koyarwa, shi ya koma ƙasa. Ba mai taɓa shi, ko matarsa in za ta yi shara sai ta kewaye. Da mun taru sai ya murɗa hannun, ya sauke allura, ya jingina da bango ya lumshe ido. In an tambaye shi wani abu ya ce a saurara, ga Baturen da kansa yana magana, me kuma za a nema wurin tsoho.

Mu kuwa muka yi abin da muka sani. Dukanmu mun yi makarantar allo muna yara, kuma karatu a wurinmu hadda ce: abin da malam ya biya maka shi za ka mayar masa, ba ragi ba ƙari, har jan muryarsa. Sai muka haddace faifan nan, muna rangaji gaba da baya. Tambayar Baturen muka haddace, amsar yarinyar muka haddace. Akwai wani wuri da faifan ya karce, allura tana maimaita kalma ɗaya har sai an tura ta, mu ma muka riƙa maimaita ta haka. Kawu yana fama da sanyin kafaɗa, ba ya iya murɗa hannun ya cika, saboda haka kullum in an zo ƙarshen faifai muryar yarinyar sai ta yi ta ja tana kauri kamar ta bijimin sa. Haka muka ɗauka Turawa ke ƙarasa magana. Matar mahauci ta fi kowa iya wannan wurin, har muna jin haushinta.

Da damina ta tsaya Baturiya ta dawo. Kawu ya sa babbar riga. Ta dube ni ta tambayi sunana da Turanci. Na gyara zama, na ba ta sunan yarinyar cikin faifai. Na gaya mata shekarata tara, ina da farar kyanwa, babana direban jirgin ƙasa ne. Ni, bazawara mai furfura a goshi, da ƙanshin ƙuli a zane. Da na zo wurin da faifai ya karce na maimaita yadda ya kamata, na ƙarasa da muryar bijimi. Sauran mata suka kama mini amshi.

Baturiya ta ciji leɓe, ta ce za ta je ta duba wani abu a mota. Muna jiyo dariyarta daga zaure. Da ta dawo idonta da ruwa, ta ce za ta sake zuwa da kaka, sau ɗaya. In ba a sami mai ji ba, za a ɗauki mace daga wata gunduma, akwatin ma can za a kai shi.

Motarta na tashi Kawu ya juyo kanmu. Ya ce mun kunyata shi, an kawo mana Bature har cikin zaure mun kasa ɗaukar komai. Mata suka sunkuyar da kai. Ni ban sunkuyar ba.

"Kawu, abin da aka ba mu muka ɗauka, ko ƙwaya ba mu zubar ba. Akwatinka baki gare shi, ba shi da kunne. Tun da aka kawo shi bai taɓa ce mini in sake faɗa ba. Kai ma ka daina."

"Uwata, ni kike gaya wa haka, a zaurena?"

"Kai nake gaya wa. Ka ajiye aikinka ka zama mai murɗa wa akwati hannu."

Ya buɗe baki zai zage ni, ya tuna sunan wa ke kaina, ya haɗiye. Ya ce in naɗe tabarmata. Na naɗe.

Ya daina yi mini magana. In ya zo gidanmu sai ya gaida Inna, ya gaida awaki ma in sun gitta, ni ya wuce ni kamar turke. Inna ta ce in je in ba shi haƙuri. Na ce haƙuri zan bayar a kan yadda na faɗa, amma abin da na faɗa yana nan. Ta ce to in zauna da abina. Ina zaune da shi, ina kallon gero yana fitar da kai, ina sanin kaka na matsowa, ga tsamiyar nan a kan hanyata duk ranar kasuwa.

Wata safiya ina matsar mai sai ga shi. Ya kifa turmi ya zauna. Ya daɗe yana kallon hannuna, sannan ya tambaye ni da Turanci me nake yi. Na gane tambaya ce, amma ban san amsarta ba, don yarinyar cikin faifai ba ta matsar mai. Na ce masa ban sani ba.

"Ina za ki sani," in ji shi. "Ban koya miki ba."

Iyakar ban-haƙurin da na taɓa ji daga bakinsa ke nan, kuma ya ishe ni. Ya ɗauki ƙuli ɗaya ya ce gobe in zo da tabarmata.

Washegari muka tarar akwati ya sauka ƙasa, Kawu ya koma kujerarsa. Bai jefar da shi ba, aiki ya sake masa. Zai sauke allura, Bature ya yi tambaya, kafin yarinyar ta buɗe baki sai ya ɗaga allurar. Sai ya nuna ɗaya daga cikinmu da sanda, ta amsa da gaskiyarta: sunanta, 'ya'yanta, abin da ta dafa jiya. Wadda ta ba da amsar faifai, duk ranar nan da sunan yarinyar zai yi ta kiranta, yana tambayarta lafiyar kyanwa, har a bakin rijiya. Matar mahauci ta sha wannan har mijinta ya zo bin ba'asi. Murɗa hannun kuwa ya bar mana, muka riƙa cika shi, muka gano ashe yarinyar ba ta taɓa zama bijimi ba.

Da allurorin ƙarfe suka ƙare, mata suka ce shi ke nan. Kawu ya fita bayan gari ya dawo da ƙayar aduwa, ya fiƙe ta da aska ya ɗaura. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai mun matso mun kasa kunne. Ya ce gara haka, dā ma sistoci ba za su yi mana ihu ba.

Kada in zalunci akwatin shi ma. Turancin Kawu na Kano ne, a shimfiɗe yake, kowace kalma da sararinta. Turawa kuwa haɗiye rabin magana suke yi. Shi da kansa ya faɗa mana cewa bakinsa ba zai iya ba mu wannan ba, sai faifai. Kuma faifai ba ya gajiya, ba ya tari, ba ya tafiya jana'iza. Kunnena akwatin ne ya buɗe shi. Amma bakina, da abin da zan faɗa da shi, aikin Kawu ne.

Sai ya ce faifan nan babu kwano a cikinsa, babu sabulu, babu jini, alhali su zan tarar a can. Ya shiga birni wurin wani tsohon ɗalibinsa mai aikin ba da magani, ya dawo da sunayen abubuwa a kansa. Ya sa aka kawo daro da sabulu da almakashi da tsumma. Sannan ya yi abin da har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna. Dattijon nan mai furfura, wanda hakimi ke tashi ya gaishe shi, ya cusa ƙwarya a ƙarƙashin rigarsa, ya kwanta a tabarma, ya kama nishi. Yana nishi yana neman ruwan zafi da Turanci. Can kuma ya miƙe ya zama sista, ya ba ni umarni da sauri ta hanci, ya sake kwanciya. In na miƙo tsumma a madadin almakashi, sai mai naƙuda ta ɗago kai ta ce ba ta ji da kunnen hagu ba. Mata suna birgima don dariya. Ni ban yi dariya ba, don na san wadda nake gani a tabarmar.

Labari ya kai wa liman, ya zo da sandarsa. Ya ce wannan zubar da girma ne, malami guda ya zama abin wasan mata, ga kuma muryar ƙato baƙo a cikin zauren matan aure. Kawu ya ce ƙaton nan ba shi da ido, ba shi da ƙafa, in an ɗaga allura ma ba shi da baki, da dukan ƙartin garin haka suke da liman ya huta. Sannan ya daina wasa.

"Liman, kai ka yi wa ƙanwar Uwata salla, da cikinta. In kwanciyata a tabarma za ta hana a sake kwantar da wata a amalanke, gobe ma zan kwanta."

Liman ya tafi yana gunaguni. Bayan kwana kaɗan ya aiko da ƙanwar matarsa ajin, ya ce wai don ta sa mana ido.

Da kaka Baturiya ta dawo. Ta tambayi sunana, na faɗi nawa, da ƙarfi. Kawu ya sunkuyar da kai kamar mahaifiyarsa ce ta shigo. Ta tambayi shekaruna, na faɗi na gaskiya, na ƙara da cewa ba ni da kyanwa. Ta ce in kawo daro, in wanke hannu, in miƙo almakashi, in ɗaga tsumma, tana sauri da gangan. Ban kuskure ba. Sai ta ajiye komai ta tambaye ni dalilin da ya sa nake son aikin nan. Wannan ba ya cikin faifai, Kawu ma bai taɓa tambayata ba. Na ba ta labarin amalanke da tsamiya. Turancina ya fito gudaji-gudaji kamar tuwon mai koyon tuƙi, amma ta ji, don na ga fuskarta.

Ta ce an ɗauke ni. Mata suka fara guɗa, na ɗaga musu hannu, don ni ma ina da tambaya. Na tambaye ta, da harshenta, in na gama nan za a dawo da ni ko birni za a riƙe ni. In birni ne, ba ni zuwa. Kawu ya kama tari. Baturiya ta ce nan za a dawo da ni, ta juya ta tambaye shi a wane faifai na sami wannan. Ya ce ba a faifai ba ne, wurin kakata na gado shi. Akwatin ma ta bar wa ajin.

Na je, na sha wuya, na gama, na dawo ɗakin shan magani na gundumarmu. Ba zan ce ba a sake rasa mace ba, ni ba Allah ba ce. Amma yanzu na san wadda zan iya da hannuna, na san wadda za a tura birni tun da sauran ƙarfinta, kuma in na raka ta, ni ke yi wa sista bayani da bakina.

Bara matar ɗan Kawu ta zo haihuwar fari, jariri ya taho ta ƙafa. Kawu ya riga ya fara ciwon da ya tafi da shi, an fito da shi zaure an jingina shi da bango. Samari sun jawo amalanke ƙofar gida, ya zauna yana kallonsa. Na duba ta, na aika a ce su dakata. Wajen hantsi aka ji kuka. Na fito hannuna bai bushe ba, na durƙusa gabansa, na gaya masa da Turanci cewa mace aka samu, uwa tana lafiya, a mayar da amalanke.

Ya karkato da kai. "Sake faɗa, Uwata. Ban ji da kunnen hagu ba."

Na duba maganata ban ga kuskure ba, amma na sake. Ya ce in sake. A na ukun ne na ga hawaye yana bin gemunsa, na gane babu abin gyara, ji kawai yake so ya ƙara yi.

Bayan addu'ar bakwai matar Kawu ta kira ni ta ba ni akwatin da rigarsa, ta ce ni ya ce a ba. Da na buɗe, ƙayar aduwa tana nan a ɗaure, fiƙarsa ta ƙarshe. Ana ta cewa Turawa sun kusa tafiya, za a kawo akwatunan da suka fi wannan, masu magana daga nesa ba faifai. A kawo su, muna so. Amma mai sayen shanu, in wannan rubutu ya iso gare ka, ka sayi naka ka ajiye wa matan gidanka ba malami, ka dawo ka gaya mini shekarar uwargidanka nawa da launin kyanwarta.

Ajin yana nan a zauren. Akwati a ƙasa, kujera kuwa ban iya zama a kanta ba tukuna, a tsaye nake koyarwa. Bature ya yi tambaya, in ɗaga allura daidai inda Kawu ke ɗagawa, in jira.

Ya Allah, bawanka ya zubar da girmansa a tabarma don 'ya'yan mutane su rayu. Ka mayar masa da shi ninki a wurinka, ka yalwata masa kabari, ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. In an zo yi masa tambaya, ka ba shi amsa tasa ta gaskiya, yadda ya koya mana. Amin.